Idan An Yi Wa Naku Fyaɗe: Abin Yi Daga Sa'ar Farko Har Zuwa Kotu

A gidajenmu da yawa, idan yarinya ta shigo tana ɗingishi, ko ta raɓe jikin ƙyaure ta faɗa wa uwarta abin da aka yi mata, abin da ke biyo baya sananne ne. A saka salati, a ɗora ruwan zafi, a aika a kira manya. Kafin kawu ya iso daga kasuwa, baffa ya dawo daga ƙauye, a zauna a yanke shawarar ko za a fita da maganar ko za a binne ta, kwana uku sun wuce. Kwana ukun nan kuwa su ne wa'adin da likita yake da shi na kare ta daga cutar ƙanjamau. Saboda haka jigon wannan jagora ɗaya ne: asibiti kafin taron dangi, kafin mai unguwa, kafin 'yan sanda. Sauran abubuwan duk za su iya jira.

Na yi amfani da "ita" a yawancin wurare don mata da 'yan mata ne abin ya fi shafa, amma duk abin da na faɗa ya hau kan yara maza. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2014 ya nuna cewa yarinya ɗaya cikin huɗu, da yaro ɗaya cikin goma, sun gamu da cin zarafi ta hanyar lalata kafin su cika shekara 18. Yaron makarantar kwana, da almajiri, da yaron shago, sun fi yarinya wahalar buɗe baki, domin sun san sunan da za a laƙaba musu.

Mataki na farko: abin da zai fito daga bakinku

Wadda aka yi wa fyaɗe takan fara da gwaji. Ba za ta kawo labarin duka ba. Za ta ce, "Umma, ni ba na son a riƙa aike na shagon nan," ko "Yaya, in na faɗa miki wani abu ba za ki faɗa wa Baba ba?" Tana kallon fuskarku ne. In ta ga tashin hankali ko tuhuma, ta rufe baki, wata sai bayan shekara ashirin.

Ku zauna, ku sassauta murya, ku kore yara da 'yan kallo. Magana uku take bukata, kuma a faɗe su a fili: "Na yarda da ke." "Ba laifinki ba ne." "Kin kyauta da kika faɗa mini." In kuka ya zo muku, ku yi, amma ban da kururuwa da faɗuwa ƙasa, don yaro yana ganin uwarsa ta zube sai ya ɗauka shi ya jawo, ya janye maganarsa.

Akwai tambayoyin da suke fitowa da kansu, kuma kowacce mari ce: me ya kai ki ɗakinsa, me ya hana ki ihu, me ya sa sai yanzu kike faɗa, da wane kaya kika fita. Batun ihu musamman yana bukatar bayani, domin nan ne mutanen kirki ma suke shiga shakka. Tsoro mai tsanani yana sandarar da jiki. Mutum ya so motsi ya kasa, ya buɗe baki murya ta ƙi fita. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da sanin wannan, kuma ba alamar yarda ba ce. Haka nan labarin yakan zo a hargitse: ta tuna warin turarensa da launin labule, ta manta ko kafin la'asar ne ko bayanta. Wannan ma halin ƙwaƙwalwa ne a lokacin firgici, ba ƙarya ba.

Da an ji wani a cikin dangi ya fara cewa in ɓera na da sata daddawa ma na da wari, a tsayar da shi nan take, a gabanta, ta ji an tsayar da shi. Karin maganar nan ba shi da gurbi a wannan batu. Ko a addini, hadisi ya tabbatar cewa an ɗauke wa al'umma laifin abin da aka tilasta su a kai. Babu zunubi a kanta, kuma ya kamata ta ji wannan daga bakin wanda take girmamawa.

In yaro ne ƙarami, kada ku yi masa tambayar da ke ɗauke da amsarta. "Wane ne ya taɓa ka, ko mai gadi ne?" ta ɓata shaida, don yaro yakan bi abin da ya ga babba yana so. Ku ce, "Faɗa mini abin da ya faru," sannan "Sai kuma me?" Ku bar shi ya yi amfani da kalmominsa. Daga baya ku rubuta abin da ya faɗa yadda ya faɗe shi, da rana da lokaci. Kada a sa shi ya maimaita wa inna, ya maimaita wa gwaggo, ya maimaita wa maƙwabciya. Kuma kada ku yi alkawarin ba wanda zai ji. Ku ce masa za ku faɗa wa likita kaɗai da wanda zai taimaka.

Mataki na biyu: a nisanta ta da shi, a ajiye tukunyar ruwan zafi

Mafi yawan masu wannan aika-aika ba baƙi ba ne. Maƙwabci ne, ko ɗan haya, ko malamin darasi, ko mai shagon da ake aike, ko ɗan'uwa da ke kwana a soro. In yana gidan ko yana layin, kada ta sake kwana inda zai gan ta. A kai ta wurin wadda ita ta amince da ita. In akwai barazana a lokacin, lambar gaggawa ta Najeriya ita ce 112.

Sai batun wanka. Uwa tana ganin jini a zanen 'yarta, hannunta zai tafi ga ruwan zafi da gishiri ko bagaruwa, a gasa ta, a wanke wandon a shanya. Tausayi ne, amma yana wanke shaida, ruwan zafin kuma yana iya ƙara wa rauni illa. In zai yiwu, kada ta yi wanka, kada ta yi tsarki da sabulu, kada a cusa mata komai. In an taɓa bakinta, kada ta goge haƙori. Kayan da ke jikinta, har ɗan kamfai da zanen gado, a naɗe kowanne daban a takarda mai tsabta ko babban ambulan. Ban da leda, don leda tana riƙe danshi, danshi kuma yana lalata abin da za a gwada. A tafi asibiti da kayan canji. In ana zargin an ba ta wani abu a lemo ko shayi, fitsarin farko a tara shi a kwalba mai tsabta a tafi da shi, domin irin waɗannan ƙwayoyi ba sa daɗewa a jiki.

Saƙonnin waya, da hotunan da ya turo, da kiran da ya yi, kada a goge ko ɗaya, kome ƙazantarsu.

In kuma an riga an yi wankan, an wanke kayan, ba a makara ba. Magani yana nan yana aiki, likita kuma zai rubuta abin da ya gani da abin da ya ji.

Mataki na uku: asibiti, yau ɗin nan

A nan zan daɗe, don nan ne ake asarar da ba ta dawowa.

Inda ya fi dacewa shi ne cibiyar kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe. Ta farko a Najeriya ita ce Mirabel da aka buɗe a Legas a 2013, daga baya suka bazu. A Kano akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala. A Kaduna akwai Salama a Asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri, da rassanta a wasu garuruwan jihar. A Sakkwato akwai cibiyar Nana Khadija a asibitin ƙwararru. An kafa su ne don a yi gwaji da magani da ba da shawara kyauta, a wuri guda, cikin sirri, kuma ba sharaɗi ba ne sai an fara zuwa wurin 'yan sanda. In babu irinsu kusa, a nufi babban asibitin gwamnati, musamman wanda ke da sashen masu karɓar maganin HIV, domin a can ake ajiye maganin da ake nema. Kemis ba wurin zuwa ba ne.

A bakin karɓar kati ba sai an yi dogon bayani a gaban jama'a ba. A nemi babbar nas a keɓe, a ce mata, "Fyaɗe ne, jiya da daddare." Faɗin lokacin yana da muhimmanci. In wani ma'aikaci ya ce sai an kawo takardar 'yan sanda kafin a duba ta, a nemi ganin likitan da ke kan aiki, a ce a fara ba da magani, takarda ta biyo baya.

Ga abubuwan da za ku tabbatar an yi kafin ku bar asibitin. Na farko maganin kariya daga HIV, wanda ma'aikata ke kira PEP. Dole a fara shi cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Ana shan sa kullum har kwana 28. Za a fara gwada jininta, wannan gwajin yana nuna matsayinta ne kafin abin ya faru, ba ya nuna ko ta ɗauka jiya. Maganin yakan kawo tashin zuciya da kasala da ciwon kai a makon farko, a nan ne da yawa suke ajiye shi. Wani a gidan ya ɗauki nauyin tuna mata a lokaci guda kowace rana, in ya dame ta a koma asibiti maimakon a daina.

Na biyu maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa. Ya fi aiki a kwana ukun farko, ana iya ba da shi har kwana biyar. Ba zubar da ciki yake yi ba, jinkirta fitar ƙwan mace yake yi don kada cikin ya shiga tun farko. Yarinyar da ta fara ƙirgen dangi ma tana bukatarsa ko ba ta fara al'ada ba. In ta yi amai cikin awa biyu da sha, a sanar da likita, sai an sake.

Na uku magungunan ciwon sanyi da sauran cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, ana bayarwa ba tare da jiran alama ba. Sai rigakafin ciwon hanta nau'in B ga wadda ba ta taɓa yi ba, da allurar tetanus in akwai rauni. In jini yana zuba, ko ba ta iya riƙe fitsari ko bayan gida, wannan aikin gaggawa ne, ba a jira gari ya waye.

Ba a duba jikinta sai da yardarta, tana da damar neman mace ta duba ta, da damar wata tata ta tsaya kusa da ita, da damar cewa a dakata. Ku nemi rahoton likita a rubuce, da sa hannu da hatimi, ku yi fotokwafi ku ɓoye na asalin.

Akwai wata tambaya da iyaye ke ja likita gefe su yi: "Likita, an shige ta?" Daga amsar suke yanke ko an yi fyaɗe ko ba a yi ba, da ko yarinyar tana da sauran daraja. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce gwajin budurci ba shi da tushe a kimiyya, ta nemi a daina shi. Duban tantanin budurci ba ya tabbatar da an sadu da mace ko ba a sadu ba, kuma sau da yawa ana yin fyaɗe ba a ga rauni ko ɗaya ba, musamman in an kwana biyu. Rashin rauni ba ya ƙaryata ta.

In kwana ukun sun wuce, ko wata uku ma, a je dai. Akwai gwajin ciki, da maganin cututtuka, da mai ba da shawara. A koma a sake gwajin HIV bayan wata uku. In al'ada ta yi jinkiri fiye da mako guda, a yi gwajin ciki a asibiti, kada a bari wata ta kawo jiƙe-jiƙe ko ƙwayoyin kasuwa, sun kashe 'yan mata da yawa.

Mataki na huɗu: kai ƙara

In babbar mace ce, ita ke da zaɓi. An riga an ƙwace mata iko da jikinta sau ɗaya, kada dangi su sake ƙwace mata iko da labarinta. A bayyana mata hanyoyin, a ba ta lokaci, a ajiye shaidar ko da za ta canza ra'ayi. In yaro ne ko yarinya ƙarama, nauyin yana wuyan manya, kuma a ganina shiru a nan cin amana ne, domin mai yi wa yara ba ya tsayawa a kan ɗaya.

Doka tana nan. Dokar hana cin zarafin jama'a ta VAPP, wadda aka sa wa hannu a 2015, ta faɗaɗa ma'anar fyaɗe ta haɗa da maza da mata, ta gaba ko ta baya ko ta baki, da gaɓa ko da wani abu. Hukuncinta ya kai ɗaurin rai da rai, mafi ƙaranci shekara 12 ba zaɓin tara, waɗanda suka haɗu suka yi wa mutum ɗaya kuma aƙalla shekara 20. Asalinta ta Abuja ce, yawancin jihohi sun ɗauke ta da 'yan gyare-gyare, don haka a tambayi lauya wace doka ke aiki a jiharku. A kundin dokokin hukunta laifuka na Arewa, wato Penal Code, saduwa da yarinyar da ba ta kai shekara 14 ba fyaɗe ne ko an ce ta yarda. Jihar Kaduna a watan Satumban 2020 ta tsananta nata hukuncin har zuwa dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ɗan ƙasa da 14. Hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP kuma tun 2019 tana da rajistar sunayen waɗanda kotu ta kama da wannan laifi.

Kada ta je ofishin 'yan sanda ita kaɗai. A nemi sashen da ke kula da mata da yara, a nemi ta ba da bayani a keɓe, ba a gaban kantar ofishin ba inda kowa ke ji. A karanta mata abin da aka rubuta kafin ta sa hannu. A rubuta sunan ɗan sanda mai bincike da lambar wayarsa. A tafi da shaidar shekaru: takardar haihuwa, in babu, katin rigakafi ko rajistar makaranta, don lauyan wanda ake ƙara zai fara ne da musanta shekarunta. Daga ofishin yanki fayil yakan wuce sashen binciken manyan laifuka na jiha, daga nan ma'aikatar shari'a ta ba da shawara, sannan babbar kotu. A tsakanin nan ne fayil ke yin barci, kuma wanda ba a bibiya shi ke mutuwa. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, suna karɓar irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe, cibiyoyin da na ambata kuma suna haɗa mutane da lauyoyi. A jihohin da ke da kotunan shari'ar Musulunci, a ji ta bakin lauya kafin a zaɓi kotu, domin ƙa'idojin shaida sun bambanta. Rahoton likita na ranar farko yana kare ta a kowace kotu, musamman in ciki ya bayyana daga baya.

Abu biyu ke rusa shari'a daga ɓangaren masu ƙara. Ɗaya matasan gida su far wa wanda ake zargi, a wayi gari yayan yarinya ne a tsare. Ɗayan kuma a ɗora hotonta ko muryarta a Facebook da TikTok don neman tausayi. Abin da ya hau intanet ba ya sauka, za ta girma ta tarar da shi.

Masu zuwa sulhu

Za su zo, yawanci bayan isha'i. Dattijo biyu ko uku, wani lokaci da limami ko mai unguwa, da ɗan ambulan na "kuɗin magani". Za su ce an zama ɗaya, a rufa wa juna asiri, a duba makomar yarinya, wa zai aure ta in magana ta fita, a bar wa Allah. Wasu har su kawo shawarar a ɗaura musu aure.

Tsoron da suke taɓowa na gaske ne, kowa ya san yadda bakin unguwa yake. Amma a duba wa sulhun yake karewa. Yarinyar za ta ci gaba da ganin mutumin yana wucewa masallaci, ta gane cewa an yi ciniki a kanta an karɓi kuɗi. Shi kuma ya koyi farashin abin. Aurar da ita gare shi kuwa miƙa ta ne ga wanda ya cuce ta, har abada. Ana iya kare sunanta ba tare da an kare shi ba: a taƙaita waɗanda suka sani, a roƙi kotu ta saurari shaidar yarinya a keɓe, a hana 'yan jarida sunanta. Amsar da za a ba dattawa gajera ce, cikin ladabi: "Mun gode, magana tana hannun hukuma." Kada a karɓi ko sisi, kada a sa hannu a kowace takarda, kuma a gaya wa lauya sun zo.

Watannin da ke biyo baya

Raunin jiki yana warkewa cikin makonni, na zuciya ba ya bin kalanda. Za ku ga rashin barci, firgita cikin dare, wanka sau biyar a rana, ƙin abinci, fushi ba dalili, tsoron maza har da mahaifinta. Yaro ya koma fitsarin kwance, ya maƙale wa uwa. Wata kuma ta yi shiru ta ci gaba da harkokinta kamar ba abin da ya faru, wannan ma ba ya nufin ta warke ko ƙarya ta yi. In an ce aljanu ne aka tafi ruƙiyya, addu'a ba ta hana ganin likita, kuma kada a yarda kowa ya keɓe da ita ko ya doke ta da sunan magani.

Kada a cire ta daga makaranta, kada a yi mata auren gaggawa don a rufe magana, kada a kulle ta a ɗaki alhali ƙannenta suna fita, don za ta fassara shi da horo. In makarantar ce wurin da abin ya faru, a canza mata wata. A riƙa tambayarta kafin a yanke abin da ya shafe ta, ko da ƙaramin abu ne kamar wa zai raka ta asibiti. In matar aure ce, mijin yana bukatar mai yi masa magana shi ma, ya yi haƙuri da shimfiɗa har sai ta nuna ta shirya.

In ta fara cewa gara ta mutu, ko ta huta, kada a ce mata ta yi istigfari kawai a wuce. A tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta, tambayar ba ta cusa wa mutum ra'ayin. A kwashe fiya-fiya da shinkafar ɓera da tarin magunguna daga gidan, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti a ranar. Haka in wata guda ya wuce ba ta barci, ba ta iya karatu ko aiki, a nemi a tura ta wurin likitan ƙwaƙwalwa.

Ƙannenta da sauran yaran gidan ma a zauna da su ɗaya bayan ɗaya, a hankali, a tambaye su ko akwai wanda ke taɓa su ko ba su kuɗi da alewa ya ce kada su faɗa. In mutumin yana shiga gidan, da wuya a ce ita kaɗai ya nema. A koya musu cewa wurin da wando ke rufewa ba mai taɓawa, ko kawu ne ko malam, kuma duk wanda ya faɗa ba za a doke shi ba. Mai talla a rage mata zuwa gareji da kango da shagunan maza, in tallan ya zama dole ta fita da 'yar rakiya ta dawo kafin magariba.